Ranar da Na Bar Yaya a Tsaye

Saura ƙiris wata lamba ta raba ni da yayana, kuma lambar nan ba ta banki ba ce, ba ta fansho ba. Lambar wasa ce. Shekarata sittin da biyu a lokacin, furfura har a gira, don haka babu ƙuruciyar da zan ɗora wa laifi.

Wasan shi ne darar Turawa, wadda suke kira ces. A kwalejin horon malamai na koye ta, wajen wani malamin lissafi ɗan Indiya, siriri, mai yawan tari. Shi ya ba mu sunayen 'ya'yan darar kamar yadda ake kiransu a garinsu: sarki, waziri, giwa, raƙumi, doki, sai dakaru takwas a gaba. Mu kuwa da muka ji raƙumi da doki, sai muka ga ai abin gida ne. Mutumin nan yana da wani kwali manne a bangon ɗakin karatu, sunan kowa da lamba a gefensa. In ka ci wanda ya fi ka lamba, taka ta yi tsalle. In ka ci na ƙasa da kai, ɗan kaɗan za a ƙara maka. In kuwa na ƙasa ya kayar da kai, to ranar ko tuwo ba ya shiga. Da fensir yake lissafin, kowace Asabar. Na bar kwaleji da dubu ɗaya da ɗari shida da arba'in, ni ne na biyu a kwalin. Na ɗayan ma rabin cin da ya yi min sa'a ce, kuma har gobe ina nan a kan bakana.

Da aka turo ni koyarwa ƙasar Anka, na zo da allon darata a cikin akwati, amma abokin wasa ya gagara. Na gwada koya wa wani hedimasta a Bagega, ya saurare ni har na gama, ya ce shi wasan da sai an yi masa bayanin awa guda ba wasa ba ne, aiki ne, ya koma wajen darar gida da ake haƙa wa gurabe a ƙasa. Aure ya zo, 'ya'ya suka zo, canjin wurin aiki ya yi ta yawo da ni daga wannan ƙauye zuwa wancan. Wata damina gara ta cinye allon, yara suka yi wasan gidan kara da dawakan har suka ɓace. Shekara talatin da shida ban taɓa ɗan dara ba. Lambar ce kawai ban yar ba. Duk wanda ya zauna da ni ya wuce minti ashirin, sai ya ji ta.

Yaya kaɗai ne ban taɓa faɗa wa ba, don na san abin da zai ce. Ya girme ni da shekara goma sha biyu. Mahaifinmu ya rasu ina ɗan shekara biyar, Yaya ya ɗauki fartanya, ya ce wa Inna a bar Auta ya yi boko. Gero da dawa da waken gonarsa ta Bukkuyum su suka kai ni kwaleji. Har yau Auta yake kirana, ko a gaban jikokina, kuma har yau ba na zama a kujera in yana kan tabarma. Ba mai yawan magana ba ne. Yana da waya, amma a wajensa waya ta tambayar farashin taki ce. Magana mai nauyi da ƙafa yake kai ta.

Bayan na yi ritaya na zauna a gidana na Gummi, ɗiyata ta fari, wadda ke aikin jinya, ita ta fara gajiya da labarin kwali. Wata Juma'a ta zo gaishe mu, na buɗe baki na ce, "Lokacin da muke kwaleji," sai ta miƙo hannu.

"Baba, kawo wayarka."

Ta yi 'yan danne-danne ta sa min wata manhaja, ta ce a nan mutanen duniya ke buga wasan nan dare da rana, kuma kowa da lambarsa. Ta ce ana tambaya: sabon shiga ne ni, ko matsakaici, ko gwani?

Na ce, "Har sai kin tambaya?"

Ta danna gwani tana danne dariya. Suka ba ni dubu ɗaya da ɗari shida, da alamar tambaya a gefe. Abu biyu suka ɓata min rai nan take: arba'in ɗina da suka cinye, da alamar nan. Ta ce, "Baba, ba su san ka ba tukuna. Kamar sabon ma'aikaci ne da ba a tabbatar da shi ba. Wasannin farko za su riƙa ɗaga ka da yawa ko su sauke ka da yawa, har su gane inda kake." Na ce to su shirya ɗagawa.

Wasan farko da wani mai tutar ƙasar da ban sani ba na yi shi. Na buɗe kamar yadda ɗan Indiya ya koya mana, ina jin kaina. Kafin in ɗauke yatsa, mutumin ya ba da amsa. Na sake turawa, ya sake amsawa, kamar yana jirana tun jiya. A tafiya ta goma sha biyu na ajiye wazirina a gaban raƙuminsa da hannuna, ba wanda ya tilasta ni. Ya ɗauke. Lambar ta zube da fiye da ɗari a wasa ɗaya. Na ce tabarau ne, na goge su. Na biyu ma haka, na uku ma haka. Cikin mako biyu alamar tambaya ta ɓace, sun gama sanina, kuma abin da suka sani shi ne dubu ɗaya da tamanin.

Ya yi min ciwo, ba zan ɓoye ba. Kwana biyu ina fushi da kowa har da akuyar gida. Amma ni malamin makaranta ne, in lissafi ya fito ba na gardama da shi har abada. Da na zauna na duba, lambar kwali a cikin mu ashirin da 'yan kai aka auna ta, kuma rabinmu gudun aikin share fili ne ya kawo su ɗakin. Wannan kuwa da duniya ake auna ka. Ga shi lambar da na riƙe ta tsaya cak a inda na bar ta, ni kuwa ban tsaya ba. Hannuna ya tuna yadda kowa ke tafiya, amma idona ya manta kallon allo gaba ɗaya, sai in zuba wa kusurwa ɗaya ido ana yi min ɓarna a ɗayar. Su kuma yaran yanzu na'ura ce ta koya musu, tarkon da muke ɓoyewa kamar asiri su a wajensu karatun aji ɗaya ne. An ce in ka ji ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Ni nawa ya zo, a cikin wayar da na saya da kuɗina.

Sai abin ya fara dawowa, a hankali, kamar ƙafar da ta yi sanyi. Wata safiya na hango dokina zai iya faɗawa wani gida ya kama sarki da giwa lokaci guda. Na hango shi tun saura tafiya uku, na lallaɓa, na kai shi. Dariyar da na yi ta sa mai ɗakina ta leƙo daga zaure da muciya a hannu, ta ce, "Malam, lafiya?" Na ce lafiya lau, doki ne. Ta dube ni, ta dubi titi, ta koma ciki. Daɗin da na ji ranar na daɗe ban ji irinsa ba. Ashe abin yana nan kwance a cikin kaina duk shekarun nan. Daga nan na daina kyautar waziri, na koyi duba allo sau biyu kafin in taɓa, lamba ta riƙa hawa da bakwai-bakwai, takwas-takwas, har na kai dubu ɗaya da ɗari biyu. A nan na maƙale, kuma ba tsufa ne ya maƙale ni ba.

Gidana sabis ba ya shiga cikinsa. Ɗaki babu, tsakar gida sai an ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa. Wuri ɗaya yake kamawa sosai, gindin darbejiyar ƙofar gida, inda nake shimfiɗa tabarma. Hanyar nan kuwa ita ke zuwa kasuwa, ita ke zuwa masallaci. Wasan kuma da agogo ake yin sa, kowa minti goma sha biyar, in naka ya ƙare an cinye ka, ko da sarkin abokin karawarka yana numfashin ƙarshe. To ka san gaisuwarmu. Mutum zai yi sallama, ka ajiye abin da ke hannunka, ka ba shi hannu biyu. Ina wuni, ina gajiya, ya iyali, ya yara, ya ruwa, ya jikin tsohuwa, ya muka ji da haƙuri. Ka mayar masa da duka, ya sake kewayowa. Akwai wani mahauci a unguwarmu, in ya riƙe hannunka sai ya tambayi jikokinka ɗaya bayan ɗaya. In na koma kan waya, sai in tarar agogo ya cinye ni, mutumin can na wata duniya ya tafi da makina bai ma san mahauci ne ya ci masa ba. Rana ɗaya wasa huɗu na rasa haka, uku a cikinsu na riga na gama da su.

Kiran salla ban taɓa gardama da shi ba, in lokaci ya matso ba na fara sabon wasa. Gaisuwa ce na fara yi wa ƙwange. Da fari na daina miƙewa. Sannan na koma hannu ɗaya. Sannan na koyi amsawa ido na kan allo, ina jera lafiya lau, lafiya lau, tun ba a tambaya ba. Wata rana wani tela ya tsaya yana gaya min an kwantar da matarsa a asibiti, ni kuwa ina bin wata giwa, na ce masa, "Madalla, madalla." Sai da yamma na ji abin da ya faɗa, daga bakin mai ɗakina.

Ta ce, "Malam, mutane fa sun fara canza hanya."

Na ce, "Su canza. Zaman banza ne ya yi musu yawa."

Ta ce, "Kai da ka yi shekara talatin kana dukan yara don ba su gaida manya ba."

Na yi kamar ban ji ba. Abin haushin kuma, dabarar ta yi aiki. Lamba ta tashi daga inda ta maƙale, ta hau, ta hau, har ta kai dubu ɗaya da ɗari biyu da casa'in da biyar. Na ƙwallafa rai a kan ɗari ukun nan kamar wani zai ba ni sarauta in na kai.

Ranar wata Talata ce da hantsi, bayan an gama yankan gero. Na samu wani da ya ɗan fi ni lamba, wasa ya yi daɗi, na ci masa doki a banza, ina ganin hanya. Sai na ji sallama a kaina. Muryar ko a cikin barci na san ta.

Na amsa, na ce, "Yaya, sannu da zuwa. Zauna, ina zuwa." Na ɗaga masa hannu ɗaya, irin yadda ake tsayar da ɗan kabu-kabu. Ban miƙe ba. Ban ɗago kai ba. Ƙafafunsa kawai na gani a gefen tabarma, da bakin rigarsa. A raina na ce minti biyar ne, Yaya na gida ne, zai fahimta.

Bai zauna ba. Ƙafafun nan sun daɗe a wurin, ina ganinsu ta wutsiyar ido. Can suka juya suka shiga zaure. Na ji daɗi ma, na ce ya shiga gaisawa da mutanen gida, na samu sarari. Abokin karawata ya ƙi mutuwa, ya yi ta jan wasa, agogona ya koma ja, saura minti ɗaya, saura rabi. Na tura dakare ɗaya har ƙarshen allo ya zama waziri, na rufe sarkinsa saura daƙiƙa shida. Lamba ta koma dubu ɗaya da ɗari uku da uku. Na ɗago kai ina murmushi, na shiga gida ina cewa ina Yayan yake.

Mai ɗakina tana tsaye a bakin madafa. Ga ƙullin wake a ƙasa, ga kwanon ruwa an sha rabi.

Ta ce, "Ya tafi."

"Ya tafi ina?"

"Tasha. Ta gabanka ya wuce."

Na ce ba zai yiwu ba. Ta ce, "Ya yiwu. Na ce ya jira a dama fura, ya ce a'a. Ya ce ya taho da magana, amma ya iske maigidan shina da baƙo cikin waya." Sannan ta ce, "Ka ga rigar da ke jikinsa kuwa? Ta Juma'a ce, da hula."

Dattijo mai shekara saba'in da huɗu ba ya sa rigar Juma'a ranar Talata, ya shiga bas daga Bukkuyum a wannan zamani da kowa ke addu'a kafin ya hau hanya, don kawai ya kawo wake. Na zura takalmi na tare ɗan kabu-kabu. Kafin mu isa tasha motar ta cika ta tashi.

Abin da ya kamata in yi shi ne in hau ta gaba. Ban hau ba. Na dawo gida na yi ta kafa hujja: ai da ya zauna, ai minti nawa ne, ai tsufa ne ke sa mutum saurin fushi. Na kira wayarsa da yamma, aka ce yana gona. Na kira washegari, aka ce ya shiga masallaci. Rana ta uku labari ya iso ta wajen mata, kamar yadda labari ke isowa. Autan 'ya'yan Yaya ya samu mata, za a je neman aure ranar Lahadi, kuma Yaya ya roƙi maƙwabcinsa ya jagoranci tafiyar.

Wanda ba namu ba zai ce to mene ne a ciki. A wajenmu uba ba ya zuwa nema wa ɗansa aure. Ƙaninsa ke zuwa, shi ke magana, shi ake kallo a san gidan da yaro ya fito. 'Ya'yan Yaya maza uku ni na nema musu, wannan ne na ƙarshe. Abin da ya sa rigar Juma'a ya zo gaya min ke nan. Yanzu duk Bukkuyum za ta ga maƙwabci a gaba, ta tambayi ko ƙanen ya mutu ne. Na zauna a bakin gado na ji kunya irin wadda ban ji ba tun ina yaro. Na buɗe wayar na dubi ɗari ukun nan da uku, ko daɗin kallo ba su yi min ba.

Da sassafe na hau motar farko. Na iske shi a bayan gida yana jera dammunan gero a rumbu, yana miƙa wa wani daga cikin 'ya'yansa da ke sama. Na cire takalmi tun daga nesa, na durƙusa har ƙasa, gwiwoyina suna ƙara. Ya sallami ɗan, ya karkaɗe hannu, ya zauna a kan turmi. Sannan ya gaishe ni. Bai rage ko ɗaya ba. Ya tambayi hanya, ya tambayi gajiya, ya tambayi mai ɗakina, ya bi 'ya'yana ɗaya bayan ɗaya, ya gangara kan jikoki, ya tambayi akuya. Kowace tambaya sai ya jira na amsa, yana kallon fuskata. Ban taɓa sanin gaisuwa na iya zama bulala ba sai ranar.

Da ya gama na ce, "Yaya, na yi laifi. Ka yafe min."

Ya ce, "Ka ci?"

Ban gane ba. Ya ce, "Wasan. Ka ci?"

Na ce na ci.

"To madalla. Mi sunka ba ka?"

Na ce, "Maki takwas."

"Na mi?"

Na rasa yadda zan yi masa bayani. Na ce lamba ce kawai, tana nuna ƙarfin mutum a wasan. Ya jinjina kai kamar an gaya masa farashin buhu. Ya ce, "Takwas." Bai ƙara komai a kai ba, kuma da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Can ya ce, "Ni ba ni riƙe da kai, Auta. Amma na riga na ba maƙwabci magana, ba ni tashe ta. In kana so ka bi su, ka bi."

Na bi su. Ranar Lahadi na sa babbar riga na zauna a bayan maƙwabci, ƙwaryar goro a gabana, ban ce uffan ba. Dattijon kirki ne, ya yi magana mai kyau, ko da yake ya tsallake sunan kakanmu, na ji abin har cikin haƙorina na haɗiye. Wani daga dangin yarinyar da ya san ni ya yi ta satar kallona. Na bar shi ya kalla, ni na saya. Aka ba mu, aka yi fatiha, aka sa rana wata biyu.

A wata biyun nan ban daina wasa ba, kada in yi ƙaryar tuba. Ina son abin nan, kuma ban ga dalilin da zai sa in sake binne shi ba. Amma na koma ajiye waya a kife duk wanda ya yi sallama, ko agogo na ja ne. Na je gidan tela na duba matarsa, na ba shi haƙuri. Mahauci ya dawo da hanyarsa, da jerin jikokinsa. Lamba ta gangaro daga ɗari ukun nan cikin mako guda, ta zo ta zauna wajen dubu ɗaya da ɗari biyu da 'yan kai, in ta hau kaɗan ta sauko kaɗan. Ɗiyata ta nuna min wani irin wasa da ake ba mutum kwana guda ya yi tafiya ɗaya, na ce wannan ai don mutanen Gummi aka yi shi. Da shi nake yi yanzu in na ga ranar kasuwa ce. Na kuma daina ba kowa labarin kwali. In an tambaye ni ƙarfina, sai in faɗi ta yanzu, in ce a ciki akwai rabon mahauci.

Tsakanina da Yaya kuwa, lafiya lau a baki. Na je sau biyu, mun gaisa, mun ci tuwo a kwano ɗaya. Amma bai ce min komai game da ɗaurin aure ba, ni kuma ban isa in tambaya ba. Na sa a raina wanda ya nema shi zai karɓa, haka aka saba, maƙwabci zai zama wakilin ango. Na gaya wa mai ɗakina ba komai. Ta ce, "In ba komai, me ya sa ka faɗa sau uku?"

Ranar ɗaurin aure aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan su yarinya bayan an sauko daga Juma'a. Jama'a ta cika, har da mutanen Anka da na Gummi. Na bar wayata a aljihun wata rigar a gida. Na samu wuri a layi na biyu, bayan Yaya, kusa da masu rabon goro. Maƙwabci yana gaba, dab da liman. Liman ya gyara zama, ya tambayi waliyyin amarya, wani dattijo ya ce ga shi. Sannan ya ce, "Wa ke karɓa wa ango?"

Na sunkuyar da kai ina jiran muryar maƙwabci. Shiru. Liman ya sake tambaya. Na ɗago ido kaɗan, na ga maƙwabci ya naɗe hannu yana kallon sama kamar mai duba hadari. Sai na ji kan sanda ya taɓa gwiwata. Yaya bai ko juyo ba.

Ya ce, "Auta, kai aka jira. Ko kana cikin wasa?"

Mutanen kusa suka yi dariya ƙasa-ƙasa, su ba su san komai ba, sun ɗauka tsokanar wa da ƙane ce. Aka buɗa min hanya. Na ja jiki zuwa gaba, na zauna a gaban liman. Sai da na yi gyaran murya sau biyu kafin na iya cewa ni ne.